Na'urar da ta auna yatsuna a Liyon

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya kai da iyali da duk mutanen Tawa. Ka ce wa Inna sanyin Faransa bai kashe ni ba tukuna.

Ka san aikina, fasa kwalta da kankare da injin nan mai jijjiga, shekara shida ke nan. Tun bara yatsuna ke yin fari da safe, maɓallin riga ma sai na yi ta lalube. Likitan wurin aiki ya tura ni gwaji, sai da na jira wata biyu. A nan ganin likita sai mai haƙuri. A gida ka sha layi da rana, amma kafin la'asar an duba ka.

Ba su fara ba sai da hannuna ya ɗumama. Na ɗora yatsa kan wani ɗan ƙarfe kamar kan ashana, ɗaya hannun na riƙe da madanni. Ƙarfen na rawa a hankali, in na ji in danna, in ta ɓace in saki. Kwamfuta ce ke ƙara rawar da rage ta, matar da ke wurin kallo kawai take. Sai kuma wani ƙarfe mai faɗi da ke farawa daga digiri 32, ya yi ɗumi ko ya yi sanyi. Ƙaramin yatsa ya ji da wuri. Manuniyar dama kuwa, wallahi sai da ƙarfen ya yi ta kaɗawa kafin labari ya iso mini. Jijiyoyin sun fara gajiya, an rage mini awoyin riƙe injin. Ko dala ban biya ba.

Da na ba matar labarin ciwon sugan Inna da yadda take cewa ƙafarta kamar ba tata ba, ba ta ko kalli na'urar ba. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko wani ɗan zaren roba da ke lanƙwasawa in an danna shi da nauyin giram 10. Mutum ya rufe ido, a taɓa masa tafin ƙafa, ya faɗi inda ya ji. Ba ruwansa da ɗaukewar wuta, ya shiga aljihun riga.

Na sayi biyu, na ba wani ɗan garinmu da zai sauka Yamai ƙarshen wata. In sun iso ka kai Inna wurin likita da su, a gwada ta. Kafin nan yara su riƙa zazzage mata takalmi kafin ta sa, kada tsakuwa ko ƙaya ta ji mata ciwo ba ta sani ba.