Kafet ko Tayil: Wasiƙa daga Jidda kan Shimfiɗar Ƙasan Gida

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Hajiya da iyali baki ɗaya, na samu saƙonka cewa ginin ya kai ga aikin ƙasa, kuma kana so in duba maka kafet a nan Jidda in aiko ta kago, domin a malale falo da ɗakunan kwana kamar yadda ka gani a masaukinku lokacin Umara. Na ga ya fi kyau in rubuto maka dalla-dalla, saboda ra'ayina ya saɓa da naka, kuma ba na so ka ɗauka gudun ɗawainiya ne ya sa. Shawarata ita ce a sa tayil a ko'ina, sannan a ɗora darduma mai naɗuwa a wuraren zama da wurin salla.

Da farko ka sani cewa su kansu mutanen ƙasar nan sun fara ja da baya daga malale gida da kafet. A tsofaffin gidajen haya na unguwannin da 'yan'uwanmu suka fi zama, irin su Misfala da Jarwal a Makka, har yanzu za ka tarar da kafet manne da ƙasa daga bango zuwa bango. Amma sababbin gine-gine kusan duk da tayil ko marmara ake miƙa su ga masu haya, kuma idan ka shiga ɗakin baƙi na mai hali, abin da za ka gani shi ne ƙasa mai ƙyalli da babbar darduma a tsakiya, kujeru ko matasai suna kewaye da ita. Ba su daina son taushi ba, domin har gobe a ƙasa suke zama su sha gahawa, a ƙasa suke shimfiɗa leda su ci shinkafa da nama kamar yadda muke yi. Abin da suka gane shi ne shimfiɗar da ake iya naɗewa a fitar ta fi wadda aka manne da gam sauƙin sha'ani.

Ta fuskar kaya, gaskiya kasuwar nan ta fi tamu yalwa. Kafet ɗin malala yana zuwa ne a manyan naɗi masu faɗin mita 4, ana yanka maka gwargwadon ɗakinka, ana lissafi a kan murabba'in mita. Akwai wanda ake saƙawa a masana'antun Riyad da Jidda, akwai kuma na Turkiyya, wanda mafi yawansa daga birnin Gaziantep yake fitowa. Kusan duk wanda talaka ke saye zaren roba ne, ba ulu ba, kuma bambancin tsadarsa yana ga cikar saƙa da kaurin zare, shi ya sa mai saye yake lanƙwasa gefen kafet ya duba: idan bayan ya bayyana a tsakanin zaren, to saƙar ba ta cika ba, kuma ba za a daɗe ba wurin da ake yawan takawa zai kwanta. A kasuwar Sawarik da ke kudancin Jidda ana samun sabo da na hannu a kan farashi mai sauƙi, sai dai na hannu ba na ba kowa shawararsa, domin kuɗin cizo a irinsa yake shiga gida.

Tayil ma haka yake. Kamfanin Saudi Ceramics, wanda aka kafa a Riyad a 1977, yana yin nasa, RAK Ceramics na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa yana cike da shaguna, ga na Sifen da Italiya ga masu kuɗi, ga na Indiya da Sin ga masu neman rangwame. A 2020 ƙasashen yankin Gulf suka ɗora ƙarin haraji a kan tayil ɗin Indiya da Sin don kare masana'antunsu, kuma a watan Yulin 2020 ɗin harajin saye a Saudiyya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari. Idan ka haɗa wannan da cewa riyal a ɗaure yake da dalar Amurka a kan 3.75, za ka gane dalilin da ya sa abin da ake kira araha a nan yake zama tsada da zarar an mayar da shi naira.

Amma abin da na fi so ka duba ba kayan ba ne, hidimar da ke kewaye da kayan ce, domin ita ce take raya kafet a ƙasar nan, kuma ita ce ba ta shiga kago. Idan mutum ya sayi kafet, shagon ne zai turo ma'aikaci ya auna ɗaki, ya yanka, ya sa soso a ƙasa, ya manne, sau da yawa a cikin yini guda. Bayan haka wutar lantarki ba ta yankewa, don haka injin zuƙe ƙura yana aiki duk lokacin da uwargida ta ga dama. Tagogi a rufe suke dare da rana saboda na'urar sanyaya ɗaki, wadda ban da sanyi tana kuma tsotse danshin iska, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a gari mai gumi na bakin teku kamar Jidda. Sannan kusan kowace unguwa tana da shagon wankin darduma: ka kira su a waya, su zo da mota su ɗauka, su wanke da inji, su busar, su dawo maka da ita a naɗe cikin leda tana ƙamshi. Wanda aka manne kuwa akwai kamfanonin da ke zuwa gida da injin tururi su wanke shi a inda yake. Ko dardumomin Harami da ka yaba da tsabtarsu, ba haka kawai suke zama ba. Akwai wurin wanki na musamman a Kudai inda ake kai su a kakkaɓe, a wanke, a shanya, a fesa musu turare, ana musanya su da wasu ba fashi.

Yanzu ka kwatanta da gidanmu. Wuta tana zuwa ne lokacin da ta ga dama, kuma ba wanda zai tayar da janareta don sharar ɗaki. Tsintsiya ce abin dogaro, ita kuwa tsintsiya saman kafet kawai take gyarawa, ƙurar tana nutsewa can ƙasan zare. Tagoginmu a buɗe suke saboda zafi, kuma daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta neman izini kafin ta shiga. Ga yara, ga koko da miya da fura da ke zubewa, ga baƙi da ba sa yankewa a gidan da Hajiya take ciki. Kafet ɗin da aka manne ba ya fita rana, don haka duk abin da ya sha yana nan a cikinsa, kuma a irin wannan ƙura da ɗumi ne ƙananan ƙwarin da ido ba ya gani suke hayayyafa, waɗanda likitoci suka tabbatar suna tayar wa masu asma da ciwonsu. Wannan ya dame ni matuƙa idan na tuna yadda ƙaramar 'yarka take fama da ƙirji duk lokacin sanyi.

Sai maganar ruwa. Mutanen Jidda ba sa mantawa da ambaliyar 25 ga Nuwamba, 2009, wadda ta kashe mutum fiye da 100, kuma a 24 ga Nuwamba, 2022 an sake yin ruwan da ya kai milimita 179 cikin sa'o'i kaɗan. Duk wanda ke zaune a ƙasan bene ya san abin da ke biyo bayan irin wannan: mai tayil ya kore ruwa ya goge ya ci gaba da zamansa, mai kafet kuwa sai dai ya ɓamɓare ya kai bola, domin sosan da ke ƙasa ba ya bushewa, kuma warin fumfuna ba ya jin turaren wuta. A nan ruwa baƙo ne, sau kaɗan yake zuwa a shekara. Mu kuwa kowace damina sai watan Agusta ya gwada mu, ko ta rufi, ko ta ƙofa, ko danshi ya taso ta ƙarƙashin siminti. Ledar ɗaki da wasu ke gudu gare ta saboda sauƙin kuɗi ita ma tana tare wannan danshin a ƙasanta.

Ba zan ɓoye maka aibin tayil ba. Yana da sanyi a lokacin hunturu, musamman da asuba, yana da tauri ga mai ciwon gwiwa, kuma duk tangaran ɗin da ya faɗi a kansa ya tafi ke nan. Mafi hatsari shi ne santsi. Nau'in mai ƙyalli kamar madubi, wanda ido ya fi so a shago, idan ruwan alwala ya ɗiga a kansa yana iya kayar da babba, kuma faɗuwar tsoho ba ƙaramin abu ba ce, domin karayar ƙugu takan kwantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka ina roƙonka, ɗakin Hajiya da banɗaki da madafi da baranda kada a sa musu mai ƙyalli ko da kyauta aka ba ka. A nemi mai ɗan kaushi wanda tafin ƙafa ke kamawa. A ɗakinta a shimfiɗa darduma mai kauri daga bakin gado zuwa wurin sallarta, a sa mata roba a ƙasa don kada ta zame, kuma a tabbata gefenta ba ya naɗewa ya harɗe ƙafa. Tayil ɗin tsakar gida kuma a zaɓi mai haske, domin mai duhu yana ɗaukar zafin rana. Ka tuna filin ɗawafi da ake takawa ba takalmi da tsakar rana: farin marmara ne na tsibirin Tasos a ƙasar Girka, kuma farinsa na cikin abin da ke hana shi zafi.

Game da sayen tayil ɗin, ban ga hikimar ɗauko shi daga nan ba. Kaya ne mai nauyi da saurin fashewa, kuma kuɗin kago da na kwastan za su cinye duk wata riba. A Kofar Ruwa za ka samu na waje da na gida, tunda akwai masana'antu a Ajakuta ta Jihar Kogi da kuma Jihar Ogun. Abin da za ka lura da shi shi ne bambancin tayil na yau da kullum da wanda ake kira fosilin. Shi fosilin an fi gasa shi, ya fi nauyi da ƙarfi, kuma ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka juya bayansa ka ɗiga ruwa, idan ya tsotse nan take to ba shi ba ne. Ka sa shi a falo da hanyar wucewa, ɗakunan kwana kuma na yau da kullum ya wadatar. Araha ba ta ado, amma ba kowane ɗaki ne ke buƙatar mai tsada ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne hannun ma'aikaci, domin a nan ne aikinmu na gida ya fi samun tangarɗa. Masu sa tayil a Jidda, yawancinsu baƙi ne daga Masar da Pakistan da Yaman, ba sa fara aiki sai sun daidaita ƙasa da ma'auni, suna sa 'yan ƙananan robobi a tsakanin kowane tayil don layi ya tafi daidai, kuma a banɗaki da madafi suna karkatar da ƙasa zuwa magudana yadda za a iya kwara ruwa a kore shi. Muna da gwanaye a gida da suka iya duk wannan, sai dai a bar su su yi gaggawa idan mai gida ba ya tsaye. Ka je ka ga aikin da mutum ya yi a wani gida kafin ku yi ciniki. Idan ya gama ɗaki, ka bi kowane tayil kana ƙwanƙwasawa da mabuɗi. Wanda ya yi ƙarar fanko siminti bai cika ƙarƙashinsa ba, kuma shi ne zai fara tsagewa a ƙarƙashin ƙafar gado. Ka sayi ƙarin kamar kashi 10 cikin ɗari a kan abin da aka auna, ka tabbata lambar launi da ke jikin kwalayen iri ɗaya ce, sannan ka ajiye kwali biyu a sito, domin bayan shekara biyu da wuya ka sake samun irinsa a kasuwa.

Dardumar kuwa ita ce abin da ya cancanci in aiko daga nan, tunda zaɓin ya fi yawa kuma tana naɗuwa ta shiga kago ba tare da fargabar fashewa ba. Ka sa a auna mini tsawo da faɗin falo da ɗakin Hajiya bayan an gama shafe, a cire wurin da kujeru da gado za su zauna, kuma ka tambayi Yaya Babba launin labulen da ta zaɓa kafin in shiga kasuwa.