Digiri ta intanet ko gajeren kwas, wanne ya fi wa mai aiki?

Ɗan uwa ka ce shekara goma rabonka da aji, ga aiki tun safe har yamma ga iyali, kana tambaya ko digiri za ka shiga ta intanet ko irin gajerun kwasa-kwasan nan na shafukan karatu na intanet kamar Coursera da edX. To gaskiya ba abu ɗaya suke yi maka ba.

Digiri dai doguwar tafiya ce. Ka ɗauki Open University ta Ingila, jami'ar da ake karatu daga gida, da aka kafa tun 1969 don ba wa irinmu dama, wanda yake haɗa karatu da aiki yakan ci shekara 6 kafin ya gama, kuma su da kansu suna cewa ka ware awa 16 zuwa 18 kowane sati. Ka lissafa wannan da kyau, wajen awa biyu da rabi ne kullum har ranar hutu, bayan ka dawo a gajiye yara na jiranka, kuma asaimen ba ruwansa da cewa oga ya riƙe ka a ofis, ranar miƙawa ranar miƙawa ce. Amma idan ƙarin girma kake nema a wurin aiki ko kana son yin mastas nan gaba, takardar digirin ita ake tambaya, satifiket goma ba za su maye gurbinta ba.

Gajeren kwas kuwa makonni ne ko 'yan watanni, bidiyo ne kana kalla lokacin da ka samu sarari. Yana koya maka abu ɗaya da za ka yi aiki da shi gobe, kamar manhajar lissafi ta Excel ko nazarin bayanai. Matsalarsa ba mai bibiyarka, shi ya sa da yawa ake farawa a watsar.

Ni a ganina ka fara da gajeren kwas guda ɗaya tukuna, ba don takardar ba, don ka gwada kanka ka ga ko awa goma a sati za ta samu. In ka kai ƙarshensa sai ka nemi digirin da ƙwarin gwiwa. Kuma don Allah kafin ka biya komai ka tabbatar hukumar da ke kula da jami'o'i a ƙasarka ta amince da makarantar, ka kuma tambayi wurin aikinka ko za su karɓi takardar.