Tocila, maratayi da ma'ajin harsashi: abin da na sayo a wani shago a Adum

Tun ranar da lasisin bindigata ya fito mutane suke ta cika min kunne, wannan ya ce ɗaura mata kaza, wancan ya ce ai ba ta cika bindiga ba sai da kaza. To yau bari in faɗi abin da na sa kuɗina na saya a wani shago da ke Adum nan Kumasi, da yadda kowanne ya kasance bayan wata takwas. Bindigar dai irin mai famfo ce, wadda ake jan hannunta baya da gaba ta ɗora harsashi, lamba 12 a faɗin bututu, ƙirar Turkiyya, ba Mossberg 500 ko Remington 870 na Amurka da ake ta zuzutawa a YouTube ba, aljihuna bai kai can ba. Na faɗi haka ne don yawancin kayan da ake tallatawa da waɗancan biyun aka auna su, in taka ba irinsu ba ce ka gwada kafin ka biya, in ba haka ba ka koma gida da ƙarfen da ba ya shiga ko ina.

Shagon ƙarami ne, ko kujerar zama babu, sai benci ɗaya da kwalaye suka cinye rabinsa. Mai shagon dattijo ne ɗan zango, ina gaishe shi kafin ma in faɗi abin da ya kawo ni ya miƙo hannu ya ce, "Ɗana, ina takardarka?" Ya sa tabarau ya duba lambar bindigar, ya duba shekara, ya tuna min cewa ƙarshen Disamba take mutuwa sai na koma wajen 'yan sanda na sabunta. A lokacin na ɗan ji haushi wlh, ni da na zo da kuɗina, amma daga baya na ga abin da ya sa shagon ya daɗe kenan. Wanda ba shi da takarda ko harsashi ɗaya ba ya sayar masa.

Matsalar shagon yaronsa ne. Da Baba ya fita sallar azahar yaron ya dinga jibgo min kaya a kan kanta, ga jar fitilar leza, ga maratayi mai ramuka goma sha biyar na harsashi, ga wata tocila mai rubutun lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske, dubu ba adadi a jikin kwali, yana ta cewa "Yaya wannan ita manya suke saye." Ni kuma ido ya rufe na kwashi uku daga ciki.

Tocilar nan ita ta fara kunyata ni. Na tafi gonar wani abokina can wajen Ejura don in gwada, tunda ba a harbi a cikin gari, harbi na farko ta yi ƙifta, na biyu ta mutu murus. Na buɗe na ga batirin ya buga gaba ya lanƙwasa ɗan ƙarfen da ke ciki, ashe ƙarfin da lamba 12 ke bugowa baya ba wasa ba ne ga tocilar da aka yi don neman takalmi a ƙarƙashin gado. Wadda aka yi don bindiga tana da sifirin gaba da baya, batirin yana zaune daram. Ga kuma wayar makunninta mai nannaɗewa kamar ta tsohuwar tarho, an manna ta a hannun famfo, duk ja ɗaya sai ta sarƙe. Da na mayar, Baba bai karɓa ba, ya ce abin da ya fita ya fita, sai dai ya yi wa yaron faɗa a gabana kuma ya rage min kuɗi a kan wata mai lumen 500, ba waya, makunnin yana gindinta inda babban yatsa ke kaiwa, da maɗauri mai kama bututun harsashi. Ita ce har yau. Kuma 500 ɗin ma ya isa har ya yi yawa a cikin ɗaki, bangon falona fari ne, ranar da na fara kunna ta a duhu hasken ya dawo min ido sai da na yi daƙiƙa kusan biyar ba na ganin komai. Batirinta 18650 ne mai caji, shi na zaɓa saboda CR123A duk da yana daɗewa a ajiye sai ka zaga kasuwar Kejetia ka gaji ba ka samu na kirki ba.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai maganar da dattijon ya yi yana ɗaura ta. Ya ce, "Ɗana, duk inda wannan hasken ya kalla, bakin bindiga ma can yake kallo. Ka sayi ta hannu daban." Na sayi ƙarama ta aljihu don kar in ƙi maganar babba, ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Sai wani dare cikin damina, an ɗauke wuta unguwar duka, irin duhun da ke tuna maka dumso, yawan ɗauke wutar nan na 2015, ruwa yana ɗiga daga kwano. Wajen ƙarfe biyu na ji ƙarar ƙafa a kan katanga sai tim a tsakar gida, bokiti ya kife. Uwargida ta damƙe min hannu. Gidanmu a Aboabo gidan yawa ne, ɗaki tara, ƙofofi na katako, tagogi na gilashin luba, duk inda ka juya akwai mai barci a bayan bango. Na bar bindigar a jingine bayan ƙofa bakinta ƙasa, na leƙa ta tsakanin luba da 'yar tocilar hannun, hasken ya sauka a kan wani jiƙaƙƙen yaro da silifas ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya ɗaga hannu yana kare ido yana cewa "Kawu ni ne, Kawu ni ne." Ɗan ƙanwata ne, ya tafi kallon ƙwallo gidan abokinsa aka kulle ƙofar gida, wayarsa ba caji. Na daɗe zaune a bakin gado gwiwoyina suna rawa, ban ma iya yi masa faɗa ba sai da safe wajen shan koko. Da tocilar jikin bindigar kaɗai gare ni, da ita zan haska shi.

Maratayi kuwa, mai ramuka goma sha biyar ɗin nan asarar kuɗi ne. In ka cika shi da harsashi ya haura rabin kilo, yana lilo a ƙarƙashin bindiga kamar jelar saniya, ka ɗaga ta yana janye maka hannu, sau biyu yana kama mariƙin ƙofar ɗakina. Na fata ma na gani yana da kyau a ido, amma da raɓar Kumasi wata ɗaya ya yi funfuna. Na koma wani siriri na nailan mai kamawa wuri biyu, gaba da gindi, da maɓalli mai cirewa nan take. A gona yana da amfani sosai don bindigar ta fi kilo uku kuma hannu yana gajiya, a gida kuwa cire shi nake yi in ajiye gefe.

Ma'ajin harsashi na gefe wanda ke ɗaukar guda biyar ba laifi, sai dai kar ka matse kusoshinsa da yawa, na yi haka famfon ya yi tauri sai da na sassauta. Lezar kuwa tana cikin kwalinta, ko buɗewa ban yi ba.

Abin da shagon ba su da shi kuma ya kamata a ce shi suka fara nuna min shi ne akwatin kullewa, ga yara a gida bakwai. Sai Suame Magazin, unguwar makanikai da masu walda, na je wani mai walda ya haɗa min na ƙarfe dogo, aka kafe shi a bango bayan wadirob, harsashi a wani ƙaramin ɓangare mai kwado daban, na jefa 'yan buhunan nan masu shanye raɓa da ke zuwa cikin kwalin takalmi saboda tsatsa.

Zan koma shagon in sabuntawa ta zo, akwai man goge bututu da nake so, amma zan daidaita zuwana da lokacin da Baba yake nan ba yaron ba. Maratayi mai ramuka kuwa yana bayan babur ɗina, da shi nake ɗaure buhun gawayi.