Filin Baba Yara na Kumasi: abin da tikitinka zai ba ka, da abin da sai ka tanada da kanka

Wanda yake zaune a unguwar Nima ko Madina a Akra, ko a Tamale, yana kallon ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Asante Kotoko a talabijin, bai san Kotoko ba tukuna. Sai ya zauna cikin filin Baba Yara ranar Lahadi, ko'ina ja wur, ganguna na tashi tun kafin 'yan wasa su fito ɗumama jiki, sannan zai gane dalilin da ya sa ƙungiyoyin baƙi ke jin nauyin zuwa Kumasi. Ta fuskar armashi babu filin da ya kama ƙafarsa a Ghana, kuma tafiyar ta cancanci kuɗinta. Amma ta fuskar kula da ɗan kallo, wato shiga da fita, inuwa, banɗaki da wurin sallah, aikin bai kai girman filin ba. Duk wanda ya zo ba shiri zai sha wahalar da bai kamata ya sha ba.

Filin yana ɗaukar mutum 40,000 da 'yan ɗaruruwa, shi ne mafi girma a ƙasar. An buɗe shi a 1959, aka yi masa babban gyara saboda gasar cin kofin Afirka ta 2008, kuma hukumar wasanni ta ƙasa ce ke riƙe da shi, Kotoko tana amfani da shi ne a matsayin gidanta. A 2004 aka sa masa sunan Baba Yara, laƙabin da duk mai jin Hausa ya san ma'anarsa. Sunan Baba Yara na yanka Osman Seidu, ɗan wasan gefe ne da ake yi wa kirari da sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. Hatsarin mota a Kpeve cikin 1963 ya taɓa masa laka yana ganiyarsa, bai sake taka leda ba har Allah ya karɓi abinsa a 1969. Allah ya jiƙansa. A wannan fili ne Black Stars, wato ƙungiyar ƙasar Ghana, suka lallasa Masar da ci 6 da 1 a watan Oktoba na 2013, a nan kuma aka tashi babu ci da Najeriya a watan Maris na 2022.

Kafin ka biya kuɗin mota, tabbatar wasan a Kumasi za a buga shi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sau da yawa idan an rufe filin don gyara, Kotoko kan kai wasanninta na gida filin Len Clay da ke Obuasi, har ma ta taɓa komawa Akra. Haka kuma ana iya sauya rana ko lokaci saboda masu haska wasa a talabijin. Duba shafin ƙungiyar da na hukumar ƙwallon ƙafa ta Ghana ranar Alhamis ko Juma'a, kada ka dogara da jadawalin da aka fitar tun farkon kaka.

Daga Akra zuwa Kumasi kimanin kilomita 250 ne, amma kada tazarar ta ruɗe ka. A babbar bas ka lissafa awa biyar zuwa shida, wani lokaci fiye, domin cunkoso yakan riƙe mota tsakanin Pokuase da Nsawam wajen fita, sannan daga Ejisu zuwa cikin gari wajen shiga. Motocin kamfanin VIP suna lodi a Circle a Akra, suna saukewa a Asafo a Kumasi, kuma sai mota ta cika take tashi, don haka zaman jira ma yana cikin lissafi. Galibin wasannin gasar firimiyar Ghana ƙarfe uku na rana ake take su. Mai son zuwa ya kalla a rana guda dole ya kasance cikin mota tun kafin asuba, kuma ko da haka, tayar mota ɗaya ta fashe shi ke nan, sai ya ji sakamako a rediyo. Abin da ya fi shi ne a taso ranar Asabar a kwana. Wanda masaukinsa yake Aboabo ko Asawase ya sauka a mahaɗar Anloga, ba sai ya kai Asafo ba. Masu tahowa daga Tamale ta Kintampo da Techiman tasu tafiyar ta fi tsawo, kwana ya zame musu dole. Akwai jirgin sama kuma, bai kai awa guda ba, ga mai hali.

Daga Asafo zuwa filin bai kai tafiyar rabin awa a ƙasa ba. Daga unguwannin Zango kuwa pragiya, wato keke mai ƙafa uku, ita ce mafi sauƙi. A yi ciniki kafin a hau, domin ranar babban wasa kuɗi yakan tashi.

Tikiti kashi-kashi ne: Popular Stand, Centre Line, VIP da VVIP. Ƙungiyar gida ce ke sanar da farashi 'yan kwanaki kafin wasa, kuma na ranar haɗuwa da Hearts of Oak ta Akra, babbar abokiyar hamayyar Kotoko, ya fi na sauran ranaku. Popular Stand ya fi araha, nan ne zuciyar filin take, nan masu ganguna da waƙoƙin zuga 'yan wasa da ake kira jama suke, amma yana kwanar filin ne da bayan raga. Tun da akwai hanyar tseren gudu da ta kewaye ciyawar, mai zama bayan raga yana da nisa sosai da wasan. Abin da ke faruwa a ɗaya ragar sai dai ka ji ihu ka tambayi na kusa da kai wa ya ci. Satar gida kuwa ba za ka iya tantance ta daga nan ba ko kusa. VIP yana da rumfa da natsuwa, ya dace da dattijo ko mai zuwa da iyali. Ga wanda ya yi doguwar tafiya don ya ga ƙwallo da idonsa, Centre Line ne kuɗinsa ya fi halalta: kana daura da layin tsakiya, kana ganin yadda 'yan baya ke tsayuwa da yadda 'yan gefe ke buɗe fili, kuma amon ganguna yana iso ka. A nemi layukan tsakiya zuwa sama. Na ƙasa-ƙasa suna kusa, amma ba sa ba da kallon filin gaba ɗaya.

Shekarun nan an kawo sayen tikiti ta waya, a biya da MoMo, wato asusun kuɗi na layin waya, a turo maka saƙo mai lamba da za a duba a ƙofa. Tsarin ya rage jabun tikiti, wannan abin a yaba ne. Inda yake ba da matsala guri biyu ne. Na farko, idan dubban mutane suka taru wuri guda layin waya yakan toshe, sai ka ga an cire kuɗi saƙo bai iso ba, mutum na tsaye bakin ƙofa yana danne-danne ana take wasa. Maganinsa a saya tun daren jiya, a ɗauki hoton saƙon, a kuma rubuta lambar a takarda ko da caji zai ƙare. Na biyu, lamba sau ɗaya take shiga. Wanda ya sayi tikiti a hannun wani a bakin titi yana iya tarar da an riga an shiga da ita, kuma ba wanda zai saurari kukansa. Baƙo daga Najeriya ko Nijar da ba shi da layin MoMo ya sa mai masaukinsa ya saya masa. A riƙe 'yan canjin sidi a aljihu, don masu ruwa da abinci ba sa son babbar takarda.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi, wato ƙofa. Duk ɗan Zango ya san ranar 9 ga Mayu, 2001, lokacin da sama da mutum 120 suka rasu a filin wasa na Akra a wasan Hearts da Kotoko, bayan 'yan sanda sun harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga suka tarar da hanyar fita a toshe. Nima ta binne 'ya'yanta da yawa a wannan makon. A Baba Yara ma an rasa rayuka saboda cikowa a wasan waɗannan ƙungiyoyi biyu a 2009. Abin da ke haddasa matsi a ƙofa a fili yake: yawancin mutane suna isowa ne cikin rabin awa na ƙarshe, duba tikiti da laluben jiki suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, na baya suna jin ihu daga ciki sai su fara turi. Ranar wasa na yau da kullum shiga da awa ɗaya kafin lokaci ya wadatar. Ranar Super Clash, wato karawar Kotoko da Hearts, ko ranar Black Stars, a kasance a kujera awa biyu zuwa uku kafin a take. Da ka zauna, ɗaga ido ka gane matakalar da ta fi kusa da kai da wata ta biyu. In rikici ya tashi kada ka bi ayarin da ke gangarawa, ka matsa gefe ko sama ka jira. Kuma ina roƙon iyaye, kada a kai ƙaramin yaro Popular Stand ranar Hearts. Akwai wasanni masu sauƙi da yawa a kaka da zai fara da su.

Kwalba, ƙarfe da duk wani abu mai kaifi ba sa wuce bincike, a bar su a masauki. Waya da kuɗi a aljihun gaba, domin 'yan sane sun fi aiki a lokacin matsin shiga da lokacin da aka zura ƙwallo kowa ya miƙe yana rungumar na kusa da shi.

Rana kuma aba ce da baƙi ke rainawa. In ban da ɓangaren manya, yawancin kujerun a buɗe suke. Wanda ya shiga ƙarfe ɗaya zai yi awa huɗu a rana, kujerar roba ta ɗau zafi har ba ta taɓuwa. Hula mai baki, ƙaramin tawul, da ɗan kwali ko darduma da za a shimfiɗa, su ne kayan aiki. Ruwan leda rabin lita ne, a sha uku ko huɗu a hankali, kada a jira sai ƙishi ya kama. Daga Maris zuwa Yuli, da kuma Satumba zuwa Nuwamba, ruwan saman Kumasi yakan sauko da yamma ba sallama, don haka rigar ruwa ta leda mai naɗewa ta fi lema amfani, lema tana tare wa na baya kallo. Ruwan yana shafar wasan kansa. Bayan Angola ta ci Ghana 1 da nema a nan cikin Satumba na 2024, hukumar ƙwallon Afirka ta janye amincewarta da filin saboda lalacewar ciyawa da rashin kyawun magudanar ruwa. Abin ya yi wa mutanen Kumasi ciwo ƙwarai, kuma ya nuna cewa kula da ciyawar ba aikin sa'i-da-lokaci ba ne.

Ga Musulmi akwai lissafin sallah, wanda tsarin filin bai sa shi a gaba ba. Azahar ba matsala, a yi ta a unguwa ko a masallatan da ke kewaye kafin a shiga. La'asar ce ke faɗowa cikin zagayen farko idan an fara ƙarfe uku. Hutun rabin lokaci minti 15 ne kacal, a lokacin ne kuma kowa ke rububin banɗaki, waɗanda ba sa isar jama'a ranar cikowa. Dabarar da ta fi ita ce a shiga da alwala, a riƙe ledar ruwa ɗaya ta musamman ko da ta karye. Da an busa hutu a sauka bayan kujeru a nemi wuri mai tsabta, da wuya ka rasa 'yan'uwa da za ku yi jam'i. Wanda bai samu ba, ana tashi wajen ƙarfe biyar, yana da sauran lokaci kafin magariba idan bai tsaya hira ba. Wuri keɓantacce mai famfo biyu-uku da tabarmi ba zai ci wa masu filin komai ba, ga shi kuwa 'yan Aboabo, Asawase, Sabon Zango da Alabar ba ƙaramin kaso ba ne cikin masu sayen tikiti.

Abinci a ci mai nauyi tun a Zango, wake da shinkafa da safe ko tuwo da rana. A bakin filin akwai tsire, soyayyar doya, sobolo (zoɓo) da burkina (gero da nono). Mai kula da abin da yake ci ya tambayi naman kafin ya saya, domin ba kowane mai gashi a wurin ne Musulmi ba.

Kan tufafi, ja na Kotoko ne. Mai goyon bayan Hearts, mai rigar ja da rawaya da shuɗi, ya shiga tare da ayarinsa, kamar yadda 'yan Chapter O, ƙungiyar magoya bayan Hearts ta Nima, ke yi, ya zauna ɓangaren da aka ware wa baƙi, ya kuma fita tare da su. Zolaya tsakanin ɓangarorin biyu tsohuwa ce, 'yan Hearts ba sa gajiya da tuna wa Kumasi cewa a wannan fili suka ɗauke kofin Confederation a bugun fenareti cikin Janairu na 2005, 'yan Kotoko kuma su mayar da kofunan zakarun Afirka na 1970 da 1983. Yawanci a baki take tsayawa. Amma a bar zagin alƙalin wasa da jifa da ledar ruwa, daga nan fitina ke farawa, kuma ƙungiyar da kake so ce za a ci tara.

Da an busa tashi kada a yi gaggawa. Zauna minti 15 zuwa 20 matakala ta sarara. Titunan da ke kewaye da filin sukan cushe, direbobin Bolt, motocin da ake kira ta waya, ba sa iya shigowa, masu tasi kuma su tsawwala kuɗi. Taka zuwa Asafo ko Amakom ka hau mota daga can. Mai komawa Akra a daren zai samu bas a Asafo, amma zai sauka Circle tsakar dare, lokacin da motar unguwa ta yi wuya. In aikin Litinin bai matsa ba, a kwana a bi motar farko bayan sallar asuba.