Daga Bauchi zuwa Gembu a kan CB500X: sharhina kan babur ɗin, aikin bakanike da kayan tafiya

Wani abokina da muka yi Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) tare ya sa ɗaurin aurensa a Gembu, can kan tsaunin Mambila, farkon Disamba, ni kuwa tun ranar da na sayi babur ɗin nan raina ke biya mini tsaunin Mambila. Honda CB500X ne na hannu, ƙirar 2019, irin wanda yaran unguwa ke kira fawa baik duk da cewa a cikin manyan babura matsakaici ne. Injinsa cc 471, silinda biyu, yana da lagireto kamar mota, giya shida, tankinsa na cin lita 17 da ɗoriya. Kafin wannan tafiya iyakacina da shi Yankari da Jos. Yanzu da na je na dawo lafiya, ina so in faɗi abin da na gani, musamman game da shirin da aka yi kafin in tashi, domin a nan ne kuɗina ya fi yi mini rana.

Saura mako uku na kai shi wajen wani bakanike da ke hanyar Jos, wanda masu irin waɗannan babura suka nuna mini. Bakanike ba ya wuya a Bauchi, amma galibinsu hannunsu ya faɗa ne a kan Boxer da Jincheng, masu kafireta. Wannan kuwa ba shi da kafireta, famfo ne a cikin tanki ke tura mai, na'ura ce ke auna masa abin da zai sha. Wanda bai saba ba, da ya ji inji na tari sai ya fara neman abin da zai kwance ya busa.

Na ce masa juye na zo yi, sai ya duba mini iskar taya. Ya zagaya babur ɗin sau biyu bai ce komai ba, sannan ya tsuguna gaban tayar baya ya kira ni.

"Alhaji, zo ka ga wani abu. Ka san shekarun tayar nan?"

"Oga, ai zanenta bai cinye ba."

"Ba zane nake nufi ba. Karanta nan."

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. Tawa tun wadda babur ya fito da ita ce. Ya lanƙwasa gefenta da yatsa, sai ga 'yan tsage-tsage kamar ƙafar da hunturu ya bi. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma zafin kwaltarmu ba ya raga mata. A gari za ka iya lallaɓawa. A kwanar dutse, da kaya a baya, da raɓa a kan titi, ba abin wasa ba ne. Na sayi sababbi gaba da baya, kuma su ne suka fi komai cin kuɗi a shirin gaba ɗaya. Ban yi da-na-sani ba ko na minti ɗaya.

Baƙin mai ma sai da muka yi magana a kansa. Ni da nufina a zuba mai kyau na mota. Ya ce a'a, kulocin babur a cikin baƙin mai yake wanka, wasu mayukan mota kuma suna da sinadarin rage gogayya da ke sa shi sulɓi. Ya nuna mini rubutun JASO MA a bayan galan, alamar cewa man ya dace da kulocin babur, ya ce wanda ba shi da shi kada in kusance shi. Ya canza man birki ya zuba sabo, nau'in da ake kira DOT 4, domin man birki yana shan danshi, idan ya daɗe kuma birki ya yi zafi a gangara sai ka matsa ka ji fanko. Ya sa sabon fad na birki a gaba, ya canza matatar iska saboda ƙurar hunturu, ya girgiza ƙafafun ya saurari boris, ya auna batir. Duk abin da ya cire sai ya ajiye mini a kwali in gani da idona. Wannan hali nasa ya kwanta mini ƙwarai.

Inda ban ji daɗi ba wuri biyu ne. Tayoyin da ya ce za su iso daga Legas cikin kwana huɗu sai da suka kwana tara, kuma bai taɓa kirana ya faɗa mini ba sai ni na bi shi. Na biyu ya fi damuna. Ya bar wa yaronsa ɗaure cen, wato sarƙar da ke juya ƙafar baya, yaron kuma ya ja ta tamau yadda ya saba yi wa 'yan acaɓa. Babur mai dogon shok yana buƙatar cen ta ɗan yi lilo, domin idan ka hau da kaya shok ya nutse, ƙara miƙewa take yi. Da na tafi da ita haka, da ta ci sifroket, wato haƙoran da take bi, da boris, in ma ba ta tsinke ba. Allah ya sa ya ba ni shawarar in ɗaure kayana duka in yi gwaji zuwa Dindima in dawo kafin ranar tafiya. A wannan gwajin na riƙa jin wani kuka daga ƙasa. Da na koma ya taɓa cen ɗin da yatsa, ransa ya ɓaci, ya gyara da kansa, ya ba ni haƙuri. Don haka duk wanda zai kai masa aiki, ya tsaya ya ga wane ne ke riƙe da sifana.

Kayan tafiya kuwa, jakunkuna biyu na rataye na saya a wajen wani mai talla a intanet, an rubuta ruwa ba ya shiga. Ruwa dai bai same ni ba, amma tun kafin Numan ɗinkin ɗaya ya fara buɗewa, ta dama kuma ta riƙa saukowa kusa da salansa har gefenta ya narke. Da igiyar roba ta ɗaure kaya, wadda na saya a kasuwar Muda Lawal da kuɗi kaɗan, na tallafe su har Gembu. Ba zan ba kowa shawarar sayen irinsu ba. Abin da ya cece ni shi ne na zuba tufafina a leda kafin in sa a ciki, kuma na ajiye masu nauyi a ƙasa, na daidaita nauyin gefe da gefe.

Hular kwano mai rufe fuska gaba ɗaya, rigar da ke da kariya a gwiwar hannu da kafaɗa, safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, waɗannan ban yi ciniki da raina a kansu ba. Da zafi a cikinsu tsakanin Gombe da Numan, ba zan ɓoye ba. Amma tsakuwar da tirela ta watso mini bayan Kumo a gilashin hular ta tsaya.

Na tashi bayan sallar asuba, Hajiya ta sa mini albarka tun dare, ta kuma kafa mini sharaɗi ɗaya: kada magariba ta same ni a hanya. Na riƙe wannan har na dawo, kuma ko ba don ita ba haka ya kamata, saboda ramuka da dabbobi da sha'anin tsaro. Na ƙetare Gongola a gadar Dindima, na wuce Alkaleri, na karya a Gombe bayan kilomita 150 da wani abu. Daga nan Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham, har Numan, inda wannan Gongolar da na baro da safe ke zubawa cikin Binuwai. Takarduna na sa su a aljihun gaba cikin leda: lasisi, inshora, takardun babur da na kwastam. A kowane shinge ina rage gudu tun daga nesa, in ɗaga gilashin hula a ga fuskata, in yi sallama. Yawancin tambayar da na sha ita ce nawa yake gudu. Wani abu da ya kamata a bincika tun daga gida shi ne dokar babur, don kowace jiha da tata, kuma an sha hana hawansa a cikin garin Jalingo. Na kira wani ɗan'uwa tun ana saura mako, a wajensa na kwana a bayan gari.

Ƙusa ta same ni bayan Cham. A nan ne ɗan kayan facin da bakaniken ya matsa sai na saya ya biya kuɗinsa. Tayar ba ta da tiyub, don haka ba sai an kwance ƙafa ba: ka zare ƙusar, ka goge ramin, ka cusa igiyar faci mai danƙo, ka yanke saura, ka jona ƙaramin famfo a batir. Ya sa na gwada a kan tsohuwar tayata a shagonsa har sau biyu, shi ya sa hannuna bai yi rawa ba. Minti ashirin na ci gaba.

Game da mai, tanki ɗaya yana kai ni kusa da kilomita 400 idan ban matsa masa ba, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 wannan lissafi ne da kowa ke yi. Duk da haka ban taɓa barin ya sauka ƙasa da rabi ba. Bakaniken ya gargaɗe ni da man bumburutu, domin datti ko ruwa kaɗan ya isa ya toshe matatar famfon da ke cikin tanki, kuma ba a kowane gari za ka samu mai gyara ta ba. Na cika a gidan mai a Bali, na ƙara a Serti.

Rana ta biyu ita ce ta sa nake wannan rubutu. Daga Garba Chede zuwa Bali zuwa Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka Gumti yake, titi ne mai faɗi-tashi, wani wuri sumul, wani wuri sai ka miƙe tsaye a kan matakai ka bar babur ya yi rawarsa a ƙarƙashinka. Ƙafar gaba mai inci 19, wadda aka fara sa wa wannan ƙirar a 2019, tana haɗiye rami fiye da yadda na zata. Daga Mayo Selbe sai hawa. Kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗayan, kunnuwana suna toshewa suna buɗewa. A giya ta biyu da ta uku ya yi ta hawa bai nuna gajiya ba, kuma da iska ta yi ƙaranci a sama, inda tsayin ya kai mita 1,600 ko fiye, na'urar ta daidaita masa mai da kanta. Kafin Maisamari na tsaya na ciro rigar sanyi na sa a ƙarƙashin ta tafiya. Wajen Nguroje sai ga tuddai kore shar, shanu a warwatse a kansu, iska mai sanyi tana shigowa ta ƙasan hula. Na kashe inji na zauna a bakin hanya na daɗe ina tasbihi.

Saukowa ta fi hawa neman hankali. Babur da ni da kaya mun haura kilo 300, don shi kaɗai yana kusan 200. Na bar shi a ƙaramar giya inji ya riƙe shi, birki sai dai in taɓa in saki. A wata kwana mota ta fito mini a hannuna, na matse birki da gaske, sabuwar taya ta kama kwalta, man birki bai yaudare ni ba. A wannan daƙiƙar na tuna mutumin da ya tsuguna yana karanta mini lambobi huɗu.

Wanda ke da babur mai cc 400 zuwa 650 yana tunanin sai ya sayi mafi girma kafin ya yi doguwar tafiya a ƙasar nan, ni dai ban ga inda wannan ya gaza mini ba, kuma a wurare marasa kyau na gode Allah da bai fi haka nauyi ba. Kafin tafiya ta gaba zan sa a ƙera mini ƙarfen da zai raba jaka da salansa, in sayi jakunkuna na gaske, in ƙara soso a kushin don bayan awa biyar jiki yana magana.

Da na dawo Bauchi na kai wa bakaniken ganyen shayin Kakara ƙunshi biyu, ɗaya nasa ɗaya na yaron. Ya karɓa ya yi godiya, sannan ya tsuguna ya sa yatsa a cen.