Tsiron gaba: yadda muka ƙare da asibitin gwamnati

Wata huɗu na yi ina ɓoye abin. Wasu ƙananan tsiro ne suka fito mini a gaba, kamar ƙwayar gero, ba ciwo sai ɗan ƙaiƙayi. Na sha jiƙon mai lasifika na ranar kasuwa har jarka guda, wai maganin sanyi. Ɗan kemis ya haɗa mini kafso. Tsiron ma ƙaruwa ya yi.

Da abin ya ishe ni na hau acaɓa daga ƙauyenmu na wajen Ringim zuwa asibiti. Bari in fara da ƙorafi. Na yanki kati da hantsi, ban ga likita ba sai bayan azahar, kuma labulen ɗakin bai rufe ƙofa ba. Mai irin wannan lalura tari ma ya ji a waje gabansa faɗuwa yake.

Amma likitan ya burge ni. Ko fuska bai canza ba, ya ce, "Malam, wannan ba sanyi ba ne, ƙwayar HPV ce, kafso ba ya taɓa ta." Ya ce nau'inta ya fi 200, kuma na 6 da na 11 su ke kawo galibin irin tsiron nan. Ya shafa basilin a kewaye, ya ɗiga wani ruwa mai suna podophyllin da auduga a kan tsinke, ya ce in wanke bayan awa huɗu. Washegari wurin kamar an barbaɗa barkono, da ƙyar na sa wando. Zuwa uku na yi, mako-mako, suka bushe suka zube. Bai yi mini daɗin baki ba: ya ce tsiron aka cire, ita kuwa ƙwayar, jiki ne ke kawar da ita, yawanci cikin shekara biyu, don haka yana iya dawowa.

Maganar da ta hana ni barci ita ce ta iyali. Namiji kan ɗauki nau'i na 16 ko na 18 ba tare da wata alama ba, har ya shafa wa matarsa, su ne kuwa ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Sai na tuna a 2023 da masu rigakafin HPV suka zo wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, ni ne na tsaya a zaure na ce 'yata ba za a yi mata ba.

An duba maiɗakina, alhamdulillahi lafiya lau. Yarinyar shekararta 13 yanzu. Da kaina na kai ta rigakafin ranar Talata.