Eatwith a Paris: abincin dare a gidan Bafaranshe

A Faransa sai ka shekara kana gaisawa da maƙwabcinka ba ka ga falonsa ba, balle a ce maka bismillah. Wannan ƙofar ce Eatwith, wani shafin intanet da ke haɗa baƙi da masu dafa abinci a gidajensu, ke buɗewa, amma da kuɗinka. Kamfanin VizEat na Faransa ne ya saye shi a 2017, daga baya ya ɗauki sunan.

Tsarin ba wuya. Ka zaɓi gari da rana da yawan mutane, ka duba jerin abincin da farashin kowane mutum, ka biya da kati. Adireshin gidan sai an tabbatar maka da wuri kake samu. Ka lura, ba kowane mai masauki ne magidanci da iyali ba. Wasu ƙwararrun masu girki ne da ke tara baƙi goma a dogon teburi, yawancinsu 'yan yawon buɗe ido. In hirar gida kake nema, nemi teburin da bai wuce mutum shida ba, ka karanta abin da baƙin baya suka rubuta.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne halal. Cewa "ba na cin alade" bai wadatar ba. Ana dafa boeuf bourguignon (farfesun naman sa) da jar giya, ana watsa gutsattsarin naman alade a quiche lorraine (gashin ƙwai a cikin ɓawon fulawa) har ma a kan salak, wani kayan zaƙin kuma da jelatin ɗin alade ake daskarar da shi. Mai gida ba mugunta yake yi ba, shi a wurinsa wannan kamar daddawa ce a miya, ba ya ma tunawa. Ka rubuta masa tun kafin ka biya: ba alade, ba giya ko a cikin miya, ba jelatin, kifi ko ganye sun isa. In amsarsa ta zo da kwana-kwana, nemi wani.

Ana farawa wajen ƙarfe 8, kuma abincin bi da bi yake zuwa: ɗan abin taɓawa, ƙaramin faranti, babban girki, cuku, sannan zaƙi. Wanda ya saba da malmalar tuwo zai raina farantin farko. Ya yi haƙuri, kafin cuku ya iso zai ƙoshi. Burodi a kan teburi ake ajiye shi, gefen faranti. In aka kawo maka kunci don gaisuwar sumba, ɗora hannu a ƙirji da murmushi, sun gane.

Zaman kan kai awa 3. A watan Yuni magariba a Paris sai wajen ƙarfe 10, wato kana tsakiyar teburi, don haka ka nemi ɗan wurin salla tun a saƙon farko. Kuɗin yakan kai na gidan abinci mai kyau, ko ya ɗara. Ga ɗalibi ba abin yi duk mako ba ne, amma sau ɗaya a watannin farko na zuwa ya cancanci kuɗinsa.